Shekarar Da Na Yi Wa Jitocin Babanku Majingini

A cikinku babu wanda bai taɓa ba da labarin majinginin jitocin babanku ba, kuma kowa da irin nasa. Na ji Hauwa tana gaya wa 'yarta wai fushi ne ya sa na ɗauki zarto na yanka gadon aurena. Na ji Sani yana gaya wa matarsa wai lokacin da babanku yake kwance na hana shi abu ɗaya tak da ya roƙe ni. Ban yi musu da kowa ba, domin a shekarar Sani yana Legas wurin aiki, auta tana makarantar kwana, Hauwa ce kaɗai take zuwa daga gidanta na Kawo, ita ma rabin abin ta gani. Yanzu da ƙarfina ya fara ja da baya, gara ku ji daga bakina.

Babanku ya yi aikin gwamnati har ya gama ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Da safe ya hau babur ɗinsa ya tafi ofis, da la'asar ya dawo, ya yi salla, ya ci abinci, ya ɗauko jita. Haka na same shi, haka na zauna da shi a gidan nan na Unguwar Kanawa. Bai taɓa yin kiɗa a gidan biki don a ba shi wani abu ba, shi dai abin a jininsa yake. Tun yana saurayi wani malaminsu mutumin Gana ya koya masa, da zai koma ƙasarsu kuma ya bar masa tasa. Ita ce ta fari, baƙa mai faɗin ciki, duk gefenta ya koɗe. Ta biyu daga hannun wani Buzu mai gadi a layinmu ta fito, wanda suke zama tare a ƙofar gida suna koya wa juna salo. Akwai ja ta lantarki wadda ba ta magana sai an jona ta da wuta, akwai mai kaurin murya da tsirkiya huɗu, sai 'yar ƙaramar da ya sayo a Babbar Kasuwa don ya koya muku, aka rasa wanda zai daure a cikinku. Su biyar ke nan, kuma ba su taɓa samun wuri nasu ba a gidan. Wata a bayan ƙofa, wata a saman akwatuna, wata a ƙarƙashin gado, kullum ina cikin ɗauke su in yi shara in mayar. Na sha cewa zan sa a yi musu wurin ajiya, maganar ba ta wuce baki ba.

Shekarar da ya ajiye aiki, ruwan farko bai daɗe da sauka ba, hawan jini ya kayar da shi a bakin famfo yana alwalar azahar. Da aka sallamo mu daga asibiti, hannunsa na hagu yana reto kamar ba nasa ba, ƙafar sai an ja ta, bakinsa ya karkace har sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane abin da yake faɗa. Gadonmu dogo ne, ba ya iya hawa, sai muka shimfiɗa masa katifa a falo. Matar da take yi masa gashi a asibiti ta ja ni gefe ta ce ƙafar nan da sauran rai a cikinta. In ya daure yana miƙewa yana takawa, ko da dafe da bango ne, za ta dawo. In kuwa ya kwanta, ta tafi ke nan, hannun ma ya bi ta. Na faɗa masa, Hauwa ta faɗa masa, ya ƙi. Mutumin da bai taɓa yarda wani ya riƙe masa buta ba, yau sai an ɗaga shi an kai shi bayan gida. Kunya ta fi ciwon cin ransa.

Baffanku Alhaji Mudi shi ya riƙe babanku tun rasuwar mahaifinsu, shi ya sa shi a makaranta, shi ya nemo masa aurena. Kada wani a cikinku ya zarge shi. Kusan kullum sai ya zo da zuma da man zaitun, ya zauna a gefen katifa yana yi masa addu'a har muryarsa ta dushe. Amma bai taɓa son kiɗan nan ba. Wata rana ya riƙe hannun da ya shanye ya ce:

"Shehu, Allah dama ya ba ka. Ka san abin da kake yi da hannun nan da ya karɓa. Ka rabu da tarkacen nan ka fuskanci lahira."

Babanku ya gyaɗa kai, hawaye yana bin gefen bakinsa, ya yi mini nuni da hannun dama in kwashe su. Ni da kaina na kai su ɗakin ajiya na jingine su tsakanin buhunan masara, na ja ƙofa. Daga ranar ya juya fuskarsa ga bango. Abinci sai da lallashi, magana daga i sai a'a. Ko rediyo na kunna masa, da an gama labarai an sa kiɗa sai ya buga katifa da hannu in kashe.

Da marka ta kankama, ruwa ba dare ba rana, na shiga ɗakin ajiya neman wata tukunya. Wari ya fara tarbata. Fumfuna ta rufe bayan jitar Buzu fari fat, gara kuma ta gina hanyarta a jikin bango ta doshi baƙar, saura kaɗan ta kai. Na yi sauri na ɗaga ta, yatsana ya kuskure ya taɓa tsirkiyoyin suka yi ƙara. Sai na ji muryar babanku daga falo, da ƙarfin da ban ji ba tun kafin ya faɗi.

"Ta saki," ya ce. "Tsirkiya ta ukun ta saki."

Na tsaya riƙe da ita. Mutumin da muke cewa ya sallama duniya, ashe kunnensa yana nan a ɗakin ajiya. Na so in ruga in ɗora masa ita a cinya, amma na san halin mijina. Zai gwada da hannun da ya ƙi, ya kasa, ya ture ta, ya koma bango, kuma ba zai sake juyowa ba. Sai na tuna yadda na koya muku tafiya ɗaya bayan ɗaya: in tsaya nesa kaɗan, in riƙe abin da yaro yake so, in ƙi matsowa. Abin da nake buƙata shi ne wurin da jitocin za su tsaya a jere inda idonsa zai riƙa ganinsu, kuma wurin ya zama mai ƙarfin da zai ɗauki nauyin namiji idan ya faɗo a kansa.

Kun san mahaifina, kakanku Malam Garba, kafinta ne, Bakatsine, a Rafin Guza ya kafa rumfarsa. Abin da ba ku sani ba shi ne bai sami ɗa namiji ba sai da na yi wayo, don haka ni ce mai riƙe masa katako idan yana yanka, ni ce mai miƙe tsofaffin ƙusoshi a kan dutse. Kafin a kai ni makarantar horon malamai na iya jan zarto a kan layi, na iya huda katako da kurfi. Da na yi aure na shiga koyarwa, sai abin ya kwanta. Washegari na bar Hauwa da babanku na hau bas zuwa Rafin Guza. Rumfar tana nan a hannun Malam Iro, wanda ya koyi aiki a wurin kakanku, shi ma a lokacin gemunsa ya yi fari. Na zana masa abin da nake so a ƙasa da tsinke. Ya ce in koma gida in huta, zai yi ya aiko mini. Na tambaye shi da wane katako, ya nuna mini abin da yake da shi. Na ɗaga ɗaya na ji nauyin ruwa ne a cikinsa, ɗanye ne, na shaƙa na ji warin daji. Shi ma bai ɓoye mini ba, ya ce a tsakiyar damina ko an zagaye kasuwar katako da wuya a sami busasshe, wannan kuwa da ya fara bushewa zai murɗe, mahaɗarsa ta saki. Na ce ina da busasshen maɗaci a gida. Shi ya taya kakanku haɗa gadon aurena, ya san abin da nake nufi.

"'Yar maigida, wannan gadon ba a ƙara yin irinsa," ya ce. "In ma dole ne, ki bari ni in yanka, kada ki gani."

Na ce in dai za a yanka, hannun 'yarsa ne zai yanka. Malam Iro ya miƙe. Ya shiga ciki ya fito da wani zarto mai baƙar ƙota, ya zauna ya wasa haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa mini da kurfi da guduma da samfefa da gam da 'yar kwalbar banish, ya naɗe a buhu. Tun kafin ya faɗa na gane ƙotar. Gurbin babban yatsan kakanku yana nan a jikinta.

Kwance gadon ya fi komai wuya. Kakanku bai sa masa ƙusa ko ɗaya ba, katako ne ya shiga cikin katako ya riƙe, sai da na bi kowace mahaɗa da guduma a hankali ina roƙonta ta saki. A kan gadon nan na yi jegonku duka, a kansa mahaifiyata ta yi jinyarta ta ƙarshe. Na fitar da shi gunduwa-gunduwa zuwa rumfar kwano ta tsakar gida. Da zarto ya fara shiga, jan gari ya zubo, ɗacin maɗaci ya hau mini harshe, sai na ga kamar in na ɗaga kai zan ga kakanku da fensir a kunne yana cewa kada in danne, in bar zarto ya ci da kansa. Na yi kukana na share, na ci gaba. Fasalin ba mai wuya ba ne. Dogayen katako biyu a ƙasa da tazara a tsakaninsu, inda gindin kowace jita zai zauna. Ginshiƙi biyu a gefe daga ƙafafun gadon. Katako ɗaya a sama ta baya, a yanka masa gurbi-gurbi inda wuyan kowace zai kwanta. Sai na ƙara abu biyu da jita ba ta buƙata. Na yi masa ƙafafu masu faɗi da suka miƙe gaba da baya yadda ko an tura shi ba zai kife ba, na kuma ɗora masa sandar dafawa a can sama. Tsawonta daga jikin babanku na auno, da zare, daga diddige zuwa ƙugu, ina shafa masa man zaitun bai san abin da nake yi ba.

Da hantsi nake aikin, bayan na ba shi abin kari na gyara shi. Yana jin zarto da guduma daga falo, bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, na ɗaure da tsumma. Matan maƙwabta suka riƙa leƙowa, wata ta yi dariya, wata ta ce Malama Rakiya ta fara taɓuwa saboda ciwon miji. Sai kuma na yi kuskure. Na yanka guraben wuya kusa da juna, da na jera jitocin don gwaji, kunnuwan da ake murɗa tsirkiya da su suka riƙa karo, jar har ta karce baƙar. Katakon ya lalace, gurbi kuwa in an yanka ba a mayarwa. Abin da ya rage mai tsawon da nake buƙata shi ne allon kan gado, wanda kakanku ya sassaƙa wa furanni da hannunsa. Shi kaɗai na ware tun farko na jingine a ɗaki, na ce wannan zan bar wa Hauwa. Na wuni ina zagaya shi. Washegari na fito da shi, na auna faɗin kowace jita da kanta, na ba kowace filinta, na yi bisimilla na sa zarto. Rabin furen da kuke gani a bayan majinginin, wanda kuke tambaya me ya sa bai cika ba, daga nan ya fito.

Sauran aikin daɗi gare shi. Na yayyanka tsohon bargo na naɗe katakon ƙasa, na lulluɓe guraben wuya da fatar wani tsohon tumtum, na nutsar da kan kowace ƙusa don kada ta karci komai. Na ɗan kwantar da ginshiƙan baya kaɗan yadda jita za ta jingina ba ta faɗo gaba ba. Na bi shi da samfefa har sandar dafawar ta yi sumul kamar muciyar da ta daɗe a hannu, sannan na shafa banish, jan maɗacin ya fito. Da ya bushe na hau kan sandar da cikina na ɗage ƙafafuna daga ƙasa, na jijjiga shi da duk ƙarfina. Ko motsi bai yi ba. Ni kaɗai a tsakar gida na yi dariya kamar yarinya.

Ranar da Hauwa ta zo na ce ta kama mini, muka ɗora shi a kan buhu muka ja zuwa falo. A hanya ta ga rabin furen, ta leƙa ɗakina ta ga tabarma a inda gado yake, ta kama baki. Ban bari ta yi magana ba. Muka ajiye shi can jikin taga, ƙarshen falon, daura da katifar. Na goge jitocin na jera su, baƙar a tsakiya. Babanku ya juyo daga bango. Ya daɗe yana kallo, daga wannan zuwa waccan. Can ya ce in miƙo masa baƙar.

"Malam, ba zan miƙo ba," na ce. "Ga ta can tana jiranka. Na yi maka abin dafawa."

Tunda muka yi aure ban taɓa ce masa a'a a gaban 'ya'yansa ba sai ranar. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya juya ga Hauwa ya yi mata nuni, ta tashi za ta ɗauko, na sha gabanta.

"Mama, ki ji tsoron Allah," ta ce. "Mara lafiya ne fa."

Na ce mata in ta miƙa masa yau, ta kwantar da shi ke nan har abada. Ta ɗauki mayafinta ta fita ba sallama, ta ɗauke ƙafa daga gidan, sai dai ta aiko da abinci. Shi kuma ya daina karɓar komai daga hannuna sai in na ajiye na fita. Da Baffanku ya zo ya gan su a jere suna sheƙi, ko zama bai yi ba. Ya kira ni tsakar gida ya tambaye ni ko abin da shi da ɗan'uwansa suka fitar ne na dawo da shi na yi masa kujera a falo. Na durƙusa na ce:

"Yaya, ka ba ni zuwa ƙarshen damina. In bai tashi ba, da hannuna zan kawo maka su ka yi yadda ka ga dama."

Ya ce ya ji, amma shi ba zai ƙara zama ɗaki ɗaya da su ba. Daga nan in ya zo a zaure yake tsayawa, ya aiko da zuma, ya yi addu'arsa daga can ya tafi. Ga miji ba ya yi mini magana, ga 'ya ta yi fushi, ga yayan miji a zaure, ga ni a tabarma da hannu duk ciwo. Abu ɗaya ne ya riƙe ni. Babanku bai sake juya fuska ga bango ba. Duk sanda na wuce ta bakin ƙofa, idonsa yana kan taga.

Ranar da abin ya faru ina kicin da hantsi ina tuƙa tuwon rana. Na ji kamar ana jan kujera a falo, na ce ko kunnena ne. Na sake ji, na ajiye hankalina a can, amma na hana ƙafata tafiya. Sai na ji wani abu mai nauyi ya faɗa a kan katako, tsirkiyoyin jitocin duka suka amsa gaba ɗaya. Na ruga da muciya a hannu. Kujera tana kife a tsakiyar falo, da ita ya ja jiki daga katifa har ya kai bango. Shi kuma ga shi can, ƙirjinsa a kan sandar dafawa, hannun dama ya damƙe ta, zufa ta jiƙa masa riga. Duk nauyinsa yana kan majinginin, majinginin kuwa yana nan inda na ajiye shi. Na kai hannu zan tare shi.

"Kar ki taɓa ni," ya ce.

Na ja da baya. Ya tattara ƙarfinsa ya ɗago ƙirji daga kan sandar, ya miƙe a kan ƙafafunsa biyu, ya tsaya yana haki yana kallon waje ta taga. Sannan ya zaro baƙar da hannun dama, ya sulale a hankali ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da ginshiƙin. Ya ɗora ta a cinya, ya ɗauko hannun hagu da na dama ya aza a wuyanta. Yatsun suka ƙi. Ya sake gwadawa, suka zame. Wannan ne abin da nake tsoro tun farko. Ya sunkuyar da kai. Can sai na ga ya kwantar da ita a kan cinyarsa fuskarta sama, ya fara murɗa kunnuwan ɗaya bayan ɗaya yana saurare, har ya zamana in ya shafa tsirkiyoyin duka a sake, sauti mai daɗi ne yake fita. Ya ɗaga kai ya nuna wata 'yar kwalbar turare da ta ƙare a kan taga. Wannan kam na miƙa masa. Ya cusa ta a cikin hannun da ya shanye, ya matse yatsun a kanta, ya ɗora ta a kan tsirkiyoyin ya ja ta da kafaɗa, hannun dama yana kaɗawa. Wata irin murya ta fito kamar ta goge, tana hawa tana sauka. Da farko tana kuskurewa, daga baya ta kama hanya, na gane salon da Buzu ya koya masa ne. Ina tsaye ina ji har warin ƙonannen tuwo ya iso falo, ban motsa ba. Da ya gaji ya ajiye kwalbar, ya shafa ginshiƙin da ke bayansa, ya kai hannu ya taɓa rabin furen. Ya gane katakon. Ya daɗe bai ɗauke hannunsa ba.

"Rakiya."

"Na'am, Malam."

"Gobe ki matsar da shi. Nan ya yi kusa."

Da la'asar na kira Hauwa a waya, ban ce mata komai ba, na dai kara wayar kusa da jitar. Kafin magariba sai ga ta a gidan, ta durƙusa a gaban ubanta tana kuka tana dariya, ta juyo ta kama hannuna tana duba tabon bororo. Ita ta riƙa taya ni jan majinginin daga ranar. Daga taga muka kai shi bakin ƙofar falo. Da ya saba da nan ya ce a fitar da shi baranda, daga baranda zuwa rumfar kwano inda na ƙera shi. In hadari ya haɗo mu ruga mu kwashe jitocin, in ya wuce mu mayar. Ya faɗi ba sau ɗaya ba, ya fasa gwiwa, ya yi fushi, amma da gari ya waye shi zai fara tambaya ina aka kai shi yau. Ya bar kujera ya koma sanda. Bakinsa ya fara saki saboda yana bin kiɗan da murya. Hannun bai dawo duka ba, kun sani, yatsu biyu ne suka farka, sauran har ya koma ga Allah suna lanƙwashe, kwalbar turare ta zama abokiyarsa. Lokacin da sabuwar gyaɗa da rake suka cika kasuwa, ruwa ya fara ɗaukewa, majinginin ya isa zaure, babu sauran inda za a matsar da shi sai titi.

A nan Baffanku ya tarar da su wata la'asar, a daidai inda ya saba tsayawa. Ina bayan ƙofar shiga gida. Ya yi sallama ya shigo da kwalbar zumarsa, ya ja ya tsaya. Ga jitoci biyar a jere, ga ƙaninsa a tsaye kusa da su cikin farar riga da hula, ya yi alwala, sanda a hannu. Rabon da ya gan shi a tsaye tun farkon damina.

"Yaya, kai nake jira," babanku ya ce. "An kusa tayar da salla."

Baffanku ya dube shi daga sama har ƙasa. Da ƙyar ya ce ga mota a waje, bari ya matso da ita bakin ƙofa.

"Bar ta nan. Da ƙafa za mu je."

Baffanku ya nemi inda zai ajiye zumar, bai ga wuri ba sai kan sandar dafawa, ya ɗora ta a nan. Ya ciro hankici ya goge fuska ya daɗe yana gogewa. Bai canza ra'ayinsa a kan kiɗa ba har ƙarshen ransa, ni ma ban nemi ya canza ba. Amma ranar ya ɗaga murya ya kira sunana, na amsa daga bayan ƙofa, ya ce Allah ya yi mini albarka, Allah ya jiƙan wanda ya haife ni. Sannan suka fita. Na leƙo ina kallonsu suna gangara layi zuwa masallacin unguwa, direbobin da ke zama wurin mai shayi suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna yi wa babanku barka da tashi. Yayan yana rage sauri, ƙanin yana jan ƙafa, har suka sha kwana bai dafa kowa ba.